Yadda Ake Karanta Jadawalin Ƙasashen da Suka Fi Kula da Muhalli

A watan Yunin 2022 jami'o'in Yale da Columbia na Amurka suka fitar da jadawalinsu na kula da muhalli, wanda ake kira EPI. Ƙasashe 180 suka jera, Indiya ta zo ta 180. Ma'aikatar muhallin ƙasar ta yi fatali da sakamakon, ta ce a kan zato aka gina shi. Bayan wata biyar, a Nuwamba, sai ga wani jadawalin mai suna CCPI, wanda ƙungiyar Germanwatch ta Jamus ke fitarwa tare da abokan aikinta, ya sa Indiya ta 8. Masu wannan jadawalin kuwa suna barin gurbi na 1 zuwa na 3 babu kowa, domin a ganinsu ba a sami ƙasar da ta cancanta ba tukuna. Ke nan ƙasa huɗu kacal ke gaban Indiya.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowanne da tambayar da ya amsa, sai dai kanun labarai sun ba su suna ɗaya. Abin na damuna, saboda da irin waɗannan jadawalai ake yabon gwamnati ko a zage ta, da su ake jan hankalin masu zuba jari da masu yawon buɗe ido, kuma da su ake rufe bakin wanda ya ce iskar garinsu na shaƙe shi. Ga yadda nake bi in tantance jadawali kafin in yarda da shi ko in tura wa wani.

Mataki na 1: Ka koma tushe

Yawancin abin da ke iso mu hoto ne mai tutoci goma da lambobi, ko gajeren labari da aka kwafo daga wani labarin. Kada ka tsaya a nan. Nemi sunan wanda ya yi jadawalin da shekarar da ya fito, ka shiga shafinsa na intanet, ka sauke cikakken rahoton. Ka wuce shafukan farko masu taswira da launin kore, ka gangara zuwa sashen da ke bayanin hanyar da aka bi, galibi yana can ƙarshe da ƙananan haruffa. Idan ka duba ko'ina ba ka sami wannan sashen ba, aikinka ya ƙare, talla ce ka samu. Kamfanoni da dama na haɗa jerin "birane mafi tsafta" don kawai a ambaci sunansu a jarida.

Duba kuma su wa aka sa a gasar. CCPI ƙasashe kusan 60 da Tarayyar Turai kawai yake dubawa, wato manyan masu fitar da hayaƙi. Lambar yabon birni mafi kula da muhalli a Turai, wadda Stockholm ta fara ci a 2010, sai birni ya nema da kansa ake duba shi. Wanda bai shiga ba, ba a kayar da shi ba.

Mataki na 2: Gano tambayar da aka amsa

"Kula da muhalli" jaka ce mai faɗi, kowa na zuba abin da ya ga dama. A cikinta akwai aƙalla tambayoyi uku da ba su cika tafiya tare ba. Ta farko: shin mutanen wurin na shaƙar iska mai kyau, suna shan ruwa mai tsafta, ana kwashe musu shara? Ta biyu: wace irin ɓarna rayuwar mutanen wurin ke jawo wa duniya baki ɗaya? Ta uku: ina aka dosa, gyara ake yi ko lalacewa?

A tambaya ta farko masu kuɗi ne ke cinyewa, domin matatar ruwa da magudanai da motocin shara duk kuɗi ne. Shi ya sa in ka dubi saman EPI sai ka ga Turai ce zalla: Suwizalan a 2018, Denmak a 2020 da 2022, Estoniya a 2024. A tambaya ta biyu kuwa sai reshe ya juye da mujiya. Luksambag ta zo ta 2 a EPI na 2020 da na 2024. Amma ƙungiyar Global Footprint Network, wadda ke lissafa ranar da ɗan'adam ke cinye abin da ƙasa ke iya sabuntawa a shekara, ta nuna cewa da kowa a duniya zai yi irin rayuwar mutanen Luksambag, tun cikin Fabrairu za a cinye rabon shekarar. Ranar duniya gaba ɗaya kuwa tana faɗowa ne a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Akwai kuma jadawalin da ke haɗa tsawon rai da jin daɗin rayuwa ya raba da yawan abin da aka ci na albarkatun ƙasa, wanda aka fara a 2006. A nan Kosta Rika ce ta yi ta zuwa ta ɗaya, a 2009 da 2012 da 2016.

Yanzu Indiya ta fito fili. EPI ya duba iskar da ake shaƙa da ruwa da halittu da inda hayaƙin ƙasar ya dosa, ya ga matsala babba. CCPI bai damu da tsaftar iskar gari ba, sauyin yanayi kawai yake aunawa, kuma yana ba da muhimmanci ga abin da mutum ɗaya ke fitarwa, wanda a Indiya bai wuce kimanin tan 2 na iskar kabon a shekara ba.

Ka ɗauki biro ka rubuta a jimla ɗaya: "Wannan jadawali yana auna kaza." Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, ba ka fahimce shi ba tukuna.

Mataki na 3: Duba nauyin da aka ba kowane ma'auni

Jadawali tarin ma'aunai ne da aka narke suka zama lamba ɗaya. EPI na 2022 ma'aunai 40 ya haɗa, na 2024 kuma 58. Kafin a haɗa su dole wani ya yanke cewa wannan kashi kaza ne, wancan kashi kaza. Wannan yankewar ra'ayi ce, ko da masana ne suka yi ta, domin babu na'urar da za ta gaya maka ko ceton dausayi ya fi rage ƙurar iska daraja.

Ga misali na ƙirƙira da za ka iya gwadawa a takarda. Yanki A ya ci 90 a tsaftar iska, 30 a ƙarancin hayaƙi mai ɗumama duniya. Yanki B ya ci 40 a iska, 80 a hayaƙi. Ba wa iska kashi 70, hayaƙi kashi 30: A ya tashi da 72, B da 52. Juya nauyin, iska 30, hayaƙi 70: A ya koma 48, B ya kai 68. Ko bishiya ɗaya ba a dasa ba, ko injin ɗaya ba a kashe ba, amma zakara ya canza.

Haka na faruwa a zahiri. Amurka ta 24 ce a EPI na 2020, ta koma ta 43 a na 2022. A tsakanin nan an ƙara wa sauyin yanayi nauyi har ya kai kashi 38 cikin 100, an kuma shigo da sabon ma'auni mai hasashen hayaƙin da ƙasa za ta fitar a 2050 bisa yadda ta yi a shekara goman baya. Masu jadawalin da kansu suna gargaɗin kada a kwatanta makin wani bugu da na wani bugun, amma gargaɗin ba ya shiga kanun labarai. Duk lokacin da ka ji an ce ƙasa "ta yi tsalle" ko "ta rikito", fara tambayar ko ma'aunin ne aka sauya.

Mataki na 4: Tambayi inda aka ja iyaka

A nan ne na fi daɗewa, domin a nan ake yin kitso da ƙwarƙwata.

Ƙa'idar da ƙasashe ke bi wajen kai rahoton hayaƙinsu ga Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce a lissafa abin da ya tashi a cikin iyakar ƙasa. Dubi wayar da ke hannunka. An haƙo ma'adinanta a wata nahiya, an narka su a wata, an harhaɗa ta a masana'antar da wataƙila da kwal take samun wuta, sannan aka ɗauko ta a jirgi. Duk wannan hayaƙin yana kan wuyan ƙasashen da suka yi aikin, ƙasar da ta saya kuwa littafinta fes. Ƙasar da ta rufe masana'antunta ta koma sayo ƙarfe da siminti da tufafi daga waje za ta ga alƙalumanta sun yi kyau, alhali hayaƙin wuri kawai ya sauya. Suwizalan misali ce sananniya: idan aka lissafa da abin da mutanenta ke saye, hayaƙinta ya ninka wanda ke tashi a cikin gida fiye da sau biyu. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Akwai kuma ta ɗaya gefen. Kusan dukkan wutar lantarkin Nowe daga madatsun ruwa take, kuma a 2024 kusan 9 cikin kowace mota 10 sababbi da aka sayar a can masu aiki da lantarki ne. Wannan ci gaba ne na gaskiya, ban raina shi ba. Amma Nowe na cikin manyan masu fitar da mai da iskar gas, kuma tun 2022 ita ce ta fi kowa sayar wa Turai gas. Hayaƙin wannan man ana rubuta shi ne a sunan wanda ya ƙona shi. Man jiragen sama da na ruwa masu ketare ƙasashe kuwa gefe ake ajiye shi, ba ya shiga jimlar kowace ƙasa.

Shara ma haka. Shekara da shekaru ƙasashe masu arziki na cusa tarkacen robobi a kwantena su tura Sin, su rubuta cewa an sake sarrafa su. Da Sin ta rufe ƙofa a Janairun 2018, sai kwantenonin suka karkata zuwa Malesiya da Tailan da Biyetnam da Turkiyya, inda wani kason ya ƙare a juji ko a wuta.

Idan jadawalin na jihohi ne ko birane, matsalar ta fi tsanani, domin iyakokin sun fi kusa. Birni na iya zama tsaf saboda tashar wutarsa da jujinsa da mahaƙar yashinsa duk suna ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da shi. Sai a yaba wa birnin, a sa maƙwabcin a ƙasan jeri, alhali wahalar birnin yake ɗauka.

Don haka ka nemi amsar abu biyu a rahoton: shin da abin da aka samar a wurin aka yi lissafi, ko da abin da aka ci a wurin? Kuma shin an bi sawun abin da ya fita? In ba a bi ba, sai ka san cewa jadawalin tsaftar tsakar gida kawai ya auna.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ma'aunin da ke tona asirin masu kuɗi shi ma yana da nasa ramin. Sama da mutum 200,000 ke shiga Luksambag aiki daga Faransa da Beljiyam da Jamus, kuma direbobi na tsayawa shan mai a can saboda ya fi araha. Ana ɗora man a kan 'yan ƙasar da ba su kai miliyan ɗaya ba, sai kason kowane mutum ya kumbura.

Mataki na 5: Da me aka raba, daga yaushe aka fara ƙirga?

Lamba ɗaya na iya ba da labari uku. A jimlar shekara, Sin ce kan gaba, da kusan kashi 30 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. A kason mutum ɗaya, Katar ta haura tan 30, Amurka na wajen tan 14, duk sun fi Sin. A tarihi kuwa, in aka tara tun farkon zamanin masana'antu, Amurka ce ta fi kowa, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da ake fitarwa a shekara ba. Da yake iskar kabon na daɗewa a sararin sama ɗaruruwan shekaru, ni a ganina jadawalin da ya yi shiru a kan tarihi ya bar rabin maganar.

Shekarar farawa ma zaɓi ce. Ƙasashen Turai na son 1990, kuma bayan wannan shekarar ne masana'antun Jamus ta Gabas da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka durƙushe, hayaƙi ya ragu ba don wata manufar muhalli ba. Amurka ta kan ɗauki 2005, lokacin da hayaƙinta ke dab da ƙololuwa. Sannan ma'aunin da ke ba da maki don "raguwa" yana fifita wanda ya riga ya ɓata da yawa. Ƙasar da rabin mutanenta ba su da lantarki ba ta da abin ragewa, in ta ja wuta zuwa ƙauyuka ma sai a rage mata maki.

Mataki na 6: Daga ina alƙaluman suka fito?

Kamfanin IQAir na fitar da rahoton gurɓatar iska duk shekara. A na 2022 Chadi ce ta fi kowace ƙasa ƙurar iska. A na 2023 babu ita sam. A na 2024 ta dawo saman jerin. Iskar ba ta gyaru a tsakani ba, bayanan ne ba a samu isassu ba. A wannan rahoto na 2023, ƙasashen Afirka da aka samu bayanansu ba su kai rabin ƙasashe 54 na nahiyar ba. Wurin da ba a auna ba yakan ɓace daga jeri, ko a cike masa gurbi da ƙiyasi daga maƙwabta da hotunan tauraron ɗan'adam. A wasu ƙasashen kuma na'ura ɗaya ko biyu a babban birni ce ke wakiltar ƙasa sukutum. Duba ƙasan teburin, za ka ga tauraro ko ƙaramin harafi da ke nuna lambar da aka ƙiyasta.

Bayan haka sai ma'anar kalmomi. A wurin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, "daji" shi ne fili da ya wuce rabin hekta, mai bishiyoyin da suka haura mita 5, waɗanda inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na filin. Da wannan ma'ana, in aka sare kurmin da ya shekara ɗaruruwa aka jera bishiyoyin turare iri ɗaya don katako, a takarda daji bai ragu ba, ko da tsuntsaye da namun da ke ciki sun tafi. Haka "yankin da aka killace": tun da ƙasashe suka amince a Montreal a Disambar 2022 cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030, zana layi a taswira ya zama hanyar samun maki mafi sauƙi, ko da babu ma'aikacin gandun daji ko ɗaya a wurin. Jafan na cewa tana amfani da sama da kashi 80 cikin 100 na sharar robobinta, amma mafi yawan wannan ƙonawa ake yi a samu zafi da wuta.

Kuma ka tuna yawancin alƙaluman gwamnatoci ne ke bayarwa game da kansu. Inda matsayi ya zama abin alfahari, matsin lamba na biyo baya. Bankin Duniya ya dakatar da shahararren jadawalinsa na sauƙin kasuwanci a Satumbar 2021 bayan bincike ya gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe a bugun 2018 da na 2020. Ba na muhalli ba ne, amma ya nuna abin da ka iya faruwa har a babban gida.

Mataki na 7: Kalli maki, ka bar matsayi

A EPI na 2020 Denmak ta ci 82.5, Luksambag 82.3. Wannan tazarar ba ta kai kuskuren da ke cikin awon kansa ba. A tsakiyar jeri kuwa ƙasashe goma na iya cunkushewa cikin maki biyu. Bambancin na sama da na ƙasa yana da ma'ana, na ta 61 da ta 68 kusan babu.

Mataki na 8: Ɗauki abin da zai yi maka aiki

Kada shakka ta kai ka ga zubar da komai. Akwai masu fakewa da kurakuran jadawali su ce matsalar ma babu ita, kuma gwamnatin da ta zo ƙarshe ta fi kowa saurin gano aibin ma'auni. Ƙorafin Indiya a kan hasashen 2050 yana da tushe, amma hazon da ke rufe Delhi duk hunturu har a rufe makarantu ba jami'ar Yale ce ta ƙirƙiro shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin ɗaki, na kashe mutum kusan miliyan 7 a shekara kafin lokacin da aka saba.

Abin da nake yi shi ne in warware jadawalin in koma ga danyun lambobin da aka haɗa shi da su. Manyan jadawalai na sakin teburinsu kyauta. Zaɓi ma'auni biyu ko uku da suka shafi tambayarka. In lafiyar iyali ce damuwarka, nemi yawan ƙananan ƙwayoyin ƙura da ake kira PM2.5, ka gwada da mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda a 2021 aka sauke daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin shekara. Ka haɗa da kason mutanen da ke samun tsaftataccen ruwan sha. In adalcin sauyin yanayi kake bi, nemi kason mutum ɗaya bisa abin da ake ci, da jimlar tarihi. In aikin gwamnati kake son aunawa, ɗauki ma'auni ɗaya ka bi shi shekara goma a wuri ɗaya, daga tushe ɗaya, sannan ka kwatanta da wuraren da suka yi kama da shi a arziki da yanayi da yawan jama'a. Ƙasar hamada da ƙasar da ke da koguna masu gangarowa daga duwatsu ba su fara tsere daga layi ɗaya ba.

Sai ka gwada abin da ka samu da wani jadawalin da aka gina a kan wata tambayar daban. Inda biyun suka haɗu, ka riƙe da ƙarfi. Inda suka saɓa, koma mataki na 3 da na 4, kusan kullum a can dalilin yake. In kana da hanyar jin ta bakin mazauna wurin, likitocinsu da manomansu da masuntansu, ka saurara, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan kuma za ka tura wa wani, kada ka tura hoton tutocin shi kaɗai. Rubuta sunan jadawalin da shekararsa, ka sa jimlar nan da ka rubuta a mataki na 2, ka faɗi ƙasashe nawa aka jera da makin da aka ci, sannan ka ƙara layi ɗaya a kan abin da ba a lissafa ba.